Amazon da Netflix sun shigo harkar ƙwallo: in cire dish ɗina ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da gidan kallon ƙwallo a wajen Titin Bauchi a nan Jos, talabijin uku ne a ciki. Kullum a labarai sai in ji Amazon ya sayi wasa kaza, Netflix ya nuna dambe, Apple ya kwashe gasar Amurka, ga shi kuma an ce Faransawa sun saye kamfanin DStv. Yarana sun dame ni wai zamanin dish ya wuce, in cire in koma intanet. Ni kuma kuɗin dikoda da na mai sun ishe ni. Me ke faruwa ne a can sama, kuma yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka cire dish ɗin nan tukuna. Abin da yaranka suka ji gaskiya ne, sai dai labarin kasuwar wasu ne, kuma kafin ya iso Titin Bauchi da sauran tafiya. In ka gane dalilin da ya sa waɗannan kamfanoni ke zuba kuɗi a wasanni, kai da kanka za ka iya auna nisan.

Ruwa ba ya tsami banza. Amazon kanti ne, ana sayayya a shafinsa a kawo wa mutum kaya har ƙofar gida. Yana da wani tsari mai suna Prime, wanda mutum ke biyan kuɗin wata ko na shekara, a riƙa kawo masa kaya da wuri, a haɗa masa da finafinai a matsayin gyara. Lissafinsu shi ne wanda ya shiga Prime ya fi kowa sayayya. Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin, ya taɓa faɗa a 2016 cewa idan shirinsu ya ci lambar yabo, takalma suke ƙara sayarwa. Da wannan idon suka kalli gasar Firimiya. Daga kakar 2019 suka sayi wasa 20 kacal a kowace kaka, na masu kallo a Birtaniya kaɗai, kuma dubi lokacin da wasannin ke faɗowa: yawanci watan Disamba, daidai lokacin da Turawa ke rububin sayayyar Kirsimeti. Mutum ya yi rajista don ya ga Liverpool, kafin ya ankara ya sayi kayan wasan yara da rigar sanyi a shafin. Da aka zo sabon ciniki a ƙarshen 2023, wanda ya kai fam biliyan 6.7 na shekara huɗu, kamfanonin talabijin na Sky da TNT Sports ne suka raba wasannin kai-tsaye, Amazon ya fita daga nuna Firimiya a Birtaniya. Wanda ƙwallo ce abincinsa ba zai iya tashi haka ba. Sky dai tun 1992 yake riƙe da ita, lokacin da cinikin farko ya kasance fam miliyan 304 na shekara biyar.

Apple kuwa waya yake sayarwa, burinsa kada ka fita daga cikin kayansa. A 2022 ya ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da gasar ƙwallon Amurka ta MLS a kan dala biliyan 2.5, sai ga Messi ya koma Inter Miami a Yulin 2023, abin ya zo musu daidai. YouTube, wanda mallakin Google ne, yana biyan kusan dala biliyan 2 a shekara don wasannin Lahadi na ƙwallon zari-ka-ruga irin ta Amurkawa. Netflix ya daɗe yana cewa shi ba ruwansa da wasa kai-tsaye. Da ya fito da tsarin biya mai sauƙi wanda ake saka talla a ciki a Nuwamban 2022, sai magana ta canza. Ya sayi haƙƙin nuna kokawar WWE a kan dala biliyan 5 na shekara 10, ya nuna damben Mike Tyson da Jake Paul a Nuwamban 2024.

Abin da ya haɗa su duka guda ne. Fim kana iya ajiye shi sai gobe, in talla ta zo ka tsallake. Wasa kuwa da alƙali ya busa tashi ya zama tsohon labari. Shi ne kusan abu na ƙarshe da ya rage wanda miliyoyin mutane ke zama su kalla a lokaci guda, ido a kan allo, ba mai tsallake komai. Masu talla na biyan kuɗi mai tsoka don wannan, kuma mai son ƙungiya ba ya yanke biyan kuɗin wata ana tsakiyar kaka.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, wa suke nema? Mutumin da ke da katin banki da ake cire masa kuɗi duk wata ba sai an tuna masa ba, da intanet na waya har cikin falo, da wutar da ba ta ɗaukewa, da aljihun da mai talla ke kwaɗayi. Haƙƙin nuna wasa yanki-yanki ake sayar da shi. Wasannin nan 20 na Amazon ba su taɓa shafar Nijeriya ba, domin na ƙasashen Afirka kudu da Sahara a hannun SuperSport, tashar wasanni ta DStv, yake. Wani abin dariya ma, kai a nan Jos ka fi mutumin Landan ganin wasannin Firimiya. A Ingila akwai dokar da ta hana nuna ƙwallo kai-tsaye ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, don kada mutane su daina zuwa filayen ƙananan ƙungiyoyi. Wasan ƙarfe uku da yaronka ke rubutawa da alli a allon ƙofa, Bature a garinsu sai dai ya je fili ko ya kunna rediyo.

In kana so ka san yadda waɗannan kamfanoni ke kallon kasuwarmu, dubi abin da suka yi da finafinai, waɗanda kuɗinsu bai kai ko kusa da na ƙwallo ba. Prime Video ya shigo Nijeriya da ƙarfinsa a 2022, ya ƙulla yarjejeniya da masu shirya finafinan Legas, amma a Janairun 2024 ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin shirye-shirye a Afirka. Netflix da bakinsa ya ce tsakanin 2016 da 2022 ya kashe dala miliyan 175 a Afirka ta Kudu da Nijeriya da Kenya, kuma kason Nijeriya a ciki bai kai miliyan 25 ba. Ka kwatanta wannan da biliyan 5 na kokawa kaɗai. Wanda ya ja baya a kan kuɗin fim, ban ga ranar da zai zo ya yi gwanjon ƙwallon Ingila saboda mu ba, aƙalla ba a nan kusa ba.

Dalilin kuwa shi ne wanda kai ma yake cizonka: da dala ake sayen wasa, da naira ake sayar da shi. An sha gwadawa. HiTV, kamfanin ɗan Nijeriya ne, ya ƙwace Firimiya daga hannun DStv a 2007, masu gidajen kallo na wancan lokaci suka yi ta sayen dikoda ta biyu. A 2010 ya kasa riƙe haƙƙin, a 2011 ya rufe. Kwesé na attajirin Zimbabuwe Strive Masiyiwa ya zo da wasanni da yawa, shi ma a 2019 ya naɗe tabarmarsa. Shi kansa MultiChoice, kamfanin da ke da DStv, da aka saki naira a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya ta haura 1,500 a 2024, kuɗin da yake tarawa a Nijeriya ya zube in an mayar da shi dala, alhali abin da yake biyan Turawa bai ragu da ko sisi ba. Shi ya sa ka ga babban kunshin DStv na gida ya tashi daga naira 24,500 a tsakiyar 2023 zuwa 29,500, zuwa 37,000, zuwa 44,500 a Maris na 2025. Mutane suka yi ta ajiye dikoda, kamfanin ya rasa masu biya fiye da miliyan ɗaya a Nijeriya cikin shekara biyu. A wannan halin Canal+ na Faransa ya kammala karɓe shi a Satumban 2025. A ganina, a duk labaran da ka lissafa wannan ne kaɗai ya shafe ka kai-tsaye, domin yanzu a Faris ake yanke shawarar farashin da za ka biya da gasannin da za a ci gaba da saye. Kuma Canal+ ɗin ma kamfanin talabijin ne mai dish da dikoda, wanda ya daɗe a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci irin su Nijar da Kamaru.

Sai maganar na'ura, wadda ita ce sana'ata. Tauraron ɗan'adam kamar sanƙira yake a tsakiyar kasuwa: ya yi shela sau ɗaya, mutum goma suka ji ko dubu goma, wahalarsa ɗaya ce. Intanet kuwa ɗan aike ne da sai ya bi kowa har inda yake ya faɗa masa a kunne. Tauraron da dish ɗinka ke kallo yana can sama da nisan kusan kilomita 36,000, yana zubo hoto ɗaya a kan rabin nahiya, ba ya sanin yawan masu kallo balle ya gaji. A intanet kowane allo nasa zubin daban ake turo masa, saboda haka ranar babban wasa, ranar da ka fi buƙatarsa, ita ce ranar da hanya ta fi cunkushewa. A damben Tyson ɗin nan, Netflix ya ce na'urori miliyan 65 ne suka kama a lokaci guda, kuma a Amurka kanta mutane suka yi ta kukan hoto na tsayawa yana juyi. In haka ta faru a can, ka ƙiyasta yadda za ta kasance a unguwar da eriyar kamfanin waya guda ke ɗauke da kowa da kowa, ga mutum ɗari a cikin gidan kallonka kowa da waya a hannu yana jan sabis ɗin da kai ma kake ja.

Ko da hoton bai tsaya ba, akwai jinkiri. Kafin wasa ya iso ka ta intanet sai an matse hoton, an yayyanka shi gutsi-gutsi na 'yan daƙiƙoƙi, na'urarka kuma ta tara gutsure biyu ko uku kafin ta fara nunawa don kada ta yanke. Wannan ke sa ya zo a bayan na dish da daƙiƙa 20 zuwa 40, wani lokaci har minti guda. Mai kallo a ɗakinsa ba zai damu ba. Kai kuwa ka hango daren Zakarun Turai cikin sanyin Disamba, an cika maƙil, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, an ba da fenariti a minti na 88. Ɗan wasa bai gama ajiye ƙwallo a allonka ba sai ihu ya ɓarke daga gidan kallon da ke bayan layi. Wani a benci na baya ya duba waya ya ce "ya ci". Ɗari biyun da mutum ya biya a ƙofa, na wannan daƙiƙar ce ya biya, ka kuwa sayar masa da ita bayan ta huce. Mako mai zuwa a bayan layi za ka same shi.

Ga kuma lissafin data. Hoto mai kyau da zai cika babban allo ba tare da ƙwallo ta riƙa dishi-dishi ba yana cin kusan giga 3 a awa. Wasa da hutun rabin lokaci awa biyu ne, giga 6 ke nan. Allo uku, 18. Ranar Asabar mai zubi uku, na rana da na la'asar da na magariba, ka haura giga 50, ba a zo Lahadi ba, ba a zo Talata da Laraba ba. Ka buga wannan da farashin data na yau, ka tuna a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Starlink, kamfanin da ke kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ya warware matsalar ƙidayar giga, amma kuɗin na'urarsa da na wata ba wasa ba ne, kuma hanya kawai yake ba ka. Kuɗin wasan daban za ka biya. Kada kuma a manta da 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, bankuna da layukan waya suka yi kwanaki suna tangal-tangal. Dish bai san an yi ba.

Shi ma dish yana da nasa ciwon, ba sai na gaya wa mutumin Jos ba. Hadari ya haɗo daga gabas a watan Agusta ko Satumba, hoto ya fara karyewa, can sai allo ya yi baƙi. Amma yawancin wannan gyararre ne. Ƙaramin faranti ne ke saurin mutuwa a ruwa. Ka sa babba, aƙalla mai santimita 90, a saita shi da mita ba da ido ba, a ɗaure shi da kyau saboda iskar tudun nan, a duba murfin kansa ko rana ta fasa shi ruwa na shiga, a canza wayar da ta tsufa. Ruwan da zai kashe irin wannan sai mai ƙarfi sosai, shi ma na 'yan mintoci.

Na san abin da ke ran yaranka. Sun ga yadda waya ta cinye wasu sana'o'in a gabansu. Silimar Kwararafa ta zama tarihi. Masu sayar da faifan finafinan Hausa sun watse, 'yan dawunlodi suka gaje su suna tura fim a memori, yanzu su ma YouTube na cin kasuwarsu, tunda masu shirya finafinan Kano da na nan Jos sun koma yin masu dogon zango suna sakawa can duk mako, suna jiran kuɗin talla. Duk wannan ya faru ne saboda fim yana jira, kuma mutum shi kaɗai a kan katifa yana jin daɗinsa. Garin da ya haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, garin Mighty Jets da ta ɗauki kofin lig na farko a 1972, ba a kallon Chelsea da Arsenal a cikinsa shiru. Rabin abin da ake zuwa saye wurinka musu ne da tsiya, da samun wanda za a nuna wa yatsa in an tashi. Inda waya za ta cije ka, kuma na tabbata ta riga ta fara, shi ne ƙananan wasanni. Wanda a da yake zuwa ya kalli duk abin da aka saka, yanzu yana duba sakamako a waya, ya kalli ƙwallayen da aka ci a Facebook ko TikTok cikin minti biyu, ya ajiye kuɗinsa sai babban wasa. Shi kansa MultiChoice ya gane haka, shi ya sa a Fabrairun 2024 ya fito da kunshin Firimiya na waya zalla a manhajarsa ta intanet mai suna Showmax. Saboda haka ka sa ran ranakun cika za su ci gaba da cika, ranakun tsakiya kuma su ƙara yin fayau. Da wannan za ka yi lissafin haya da na ma'aikata.

Mu 'yan Jos ma mun fi kowa sanin tazarar da ke tsakanin sanarwa da aiki. A nan aka ƙaddamar da komawa talabijin na dijital a ranar 30 ga Afrilun 2016, aka raba akwatunan FreeTV, Abuja ta biyo baya a Disamban shekarar. Shekaru suka shuɗe ba a gama zagaye ƙasar ba.

Akwai wata magana da ba ka yi ba amma na san za a kawo maka ita: akwatunan nan da manhajojin da ake cewa ka biya kuɗi kaɗan ka ga kowace tasha a duniya. Na sata ne. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023 ta tanadi hukunci a kan haka, kuma mai nuna wa jama'a yana karɓar kuɗi a ƙofa ya fi mai kallo a ɗaki shiga haɗari. Ko ka ajiye maganar doka, jinkirinsu ya fi na kowa, a babban wasa ake rufe su, kuma da yawansu tallar caca suke watsowa a gefen allo, a gaban yaran mutane da iyayensu suka san wurinka suke zuwa. Haka nan ka tabbatar biyan da kake yi na kasuwanci ne, domin na gida ba a yarda a nuna wa jama'a da shi ba.

In kana da kuɗin da za ka kashe a bana, a wuta za ka kashe su. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi a Mayun 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuma in ka zauna da littafinka ina kyautata zaton za ka ga janareta ya fi dikoda cin ribarka. Talabijin na zamani mai inci 55 wajen wat 100 yake ja. Uku, da dikodoji, da ƙwayaye, da amfilifaya, da fanka biyu ko uku, da wuya ka wuce wat 600, tunda Allah ya hutar da mu zafin Kano da Sakkwato. Batirin litiyam irin wanda ake kira mai kilowat biyar zai riƙe wannan wajen awa bakwai, faifan sola kuma su cika shi da rana. Janareta ya koma na ko-ta-kwana, ƙararsa ma ta daina danne muryar mai sharhi.

Intanet kuma ka shigo da shi a matsayin ƙari, a allo ɗaya. Akwai abubuwan halal da dish ba ya kawowa ko da yaushe. A 2025 DAZN, kamfanin nuna wasanni ta intanet, ya nuna gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi kyauta ga duk wanda ya yi rajista, irin wannan kuma zai ƙaru. Ga wasannin gida da ake yaɗawa a Facebook da YouTube, wanda in Plateau United na waje za ka samu masu so. Ya kuma zame maka madogara ranar da aka samu saɓani kan haƙƙi, kamar yadda aka kusa yi a kofin Afirka na Janairun 2024, lokacin da New World TV na Togo ke riƙe da haƙƙin, SuperSport bai samu shiga ba sai ana saura 'yan kwanaki a fara.

Labarin da zai sa ka sake tunani shi ne ranar da ka ji an sayar da haƙƙin Firimiya ko na Zakarun Turai na yankinmu ga kamfanin da ba shi da tauraro, ko ka ji gasar da kanta ta fara sayar wa 'yan Afirka kai-tsaye, kamar yadda gasar Faransa ta buɗe tasharta a ƙasarta a 2025. Irin wannan ciniki ana sanar da shi tun kafin kakar da zai fara aiki, za ka samu lokacin shiri.

Kafin nan, duk wanda ya kawo maka na'urar intanet, kada ka yarda a gwada ta ranar Talata da hantsi lokacin da unguwa ba kowa. Ka ce ya dawo ranar babban wasa bayan gida ya cika, a kunna tasa a allo ɗaya, dish a allon da ke kusa, wasa iri ɗaya. Ka sa yaro ya riƙe agogo ya ƙirga tazarar da ke tsakaninsu a bugun kusurwa na farko, ya kuma ƙirga sau nawa hoton ya tsaya kafin a tafi hutun rabin lokaci. In an tashi ku duba gigar da ta tafi, sannan ku yi maganar farashi.